Daga Zauren Malam Zuwa Samaru

Duk wanda ya san birnin Zariya ya san ganuwarsa da ƙofofinsa, kamar su Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Tukur-Tukur. A zamanin da, ko wace ƙofa da mai tsaronta. In dare ya yi a rufe, baƙo kuwa ba ya shiga sai an tambaye shi inda ya fito da abin da ke tafe da shi. Yanzu ƙyamaren sun kau, ganuwar ma ta zube a wurare da yawa, mota tana shiga tana fita dare da rana ba mai ce mata daga ina. Amma akwai wata ƙofa da ba ta cikin lissafin waɗannan, wadda har gobe ba a shigarta sai an amsa tambaya, ita ce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Daga Ƙofar Doka zuwa can bai fi mil goma ba, amma tafiyar ta ɗauki 'yan birni shekaru masu yawa, kuma babban abin da ya tsawaita ta shi ne harshen da a ke yin tambayar da shi. Labarin wannan tambaya mu ke so mu bayar, don wanda ya koyi karatu da girmansa, ya ke kuma fatan 'ya'yansa su wuce inda ya tsaya, ya san abin da ke gabansu da yadda aka yi ya zama haka.

Tun kafin zuwan Turawa birnin Zariya gidan ilmi ne. Unguwanni irin su Kona da Juma sun yi suna da manyan malamai, garin kuma ya shahara musamman wajen nahawu da lugga, watau sanin ƙa'idodin Larabci da kalmominsa. Almajirai su kan taso daga ƙasashe masu nisa su zo su zauna shekara da shekaru, suna ɗinkin hula ko aikin riga don su sami abin kai wa baka, da safe kuma su ɗauki littattafansu cikin gafaka su nufi zauren malam. Wannan shi ne babban karatu na wancan zamani. Ba a shigarsa sai wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ko ya yi nisa ƙwarai.

To, a zaure akwai jarrabawar shiga? Akwai, sai dai ba ta takarda da tawwada ba ce, ba kuma ta rana ɗaya ba. In baƙon ɗalibi ya zo ya gai da malam ya ce karatu ya ke nema, malam ya kan tambaye shi wurin wa ya yi karatu, kuma wane littafi ya tsaya a kai. Sa'an nan ya ce ya ja baƙi a ji. Littattafan nan yawancinsu ba su da wasali, sabo da haka layi biyu ko uku sun isa su tona asirin mai karatu: wanda ya san nahawu zai sa wa ƙarshen ko wace kalma wasalin da ya dace, wanda bai sani ba kuwa sai ya yi ta tuntuɓe. Da malam ya ji, ya san matsayinsa. Littattafan kuma a jere su ke kamar matakala. A fiƙihu a kan fara da ƙanana, Ahalari da Ishmawi, a hau Iziyya, a kai Risala, a wuce Askari, kafin a doshi Muhtasar. A nahawu a kan fara da Ajuruma kafin a yi maganar Alfiyya. Wanda ya zo da cika baki ya ce Risala ya ke so, in malam ya ji bai ƙosa ba, sai ya ce masa a hankali ya komo Iziyya tukuna.

Abin lura a nan shi ne, wannan gwaji ba don a kori mutum a ke yinsa ba, don a san inda za a ajiye shi ne. Ba a ce wa kowa ya koma gida ya dawo baɗi. Na biyu kuma, ko da ya ke Larabci baƙon harshe ne ga Bahaushe kamar yadda Turanci ya ke, ba a sa shi sharaɗi a bakin ƙofa ba. A cikin zauren a ke koyonsa. Ɗalibi ya ja kalma ko biyu da Larabci, malam ya fassara da Hausa, ya ja na gaba, malam ya fassara, haka har a kai inda za a tsaya, sa'an nan malam ya yi bayani da harshen da kowa ke ji. Da haka mutum ke samun ilmin da harshen a lokaci guda. In ya gama littafi, ya kuma gamsar da malaminsa, a ba shi ijaza, watau izinin shi ma ya karantar. Hanyar tana da nata aibi, ba mu ce babu ba. Tana da jinkiri ƙwarai, mutum ya kan yi furfura yana ɗalibi, kuma akwai waɗanda su ke iya fassara littafi sarai amma ba su iya hira da Balarabe ba. Duk da haka ba ta rufe ƙofa ga kowa.

Turawa suka shigo Zazzau a 1902, suka zo da nasu irin karatu. A 1905 Likita Mila na mishan ya zauna cikin birni ya buɗe 'yar makaranta, har zuwa 1929 da mishan ɗin ya tashi ya koma Wusasa, bayan gari. Gwamnati kuwa ta fara tata makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909 a hannun Ɗan Hausa, daga nan aka yi ta buɗe makarantun larduna, har da ta Zariya, wadda daga baya ta zama Midil, ita ce kuma Kwalejin Alhudahuda ta yanzu. Tsarin da Gwamnati ta bi a Arewa shi ne a karantar da yara da Hausa a Elementare, sai wanda ya sami shiga Midil ya kama Turanci sosai. Wannan tsari ya yi wa Hausa amfani babba. Shi ya sa aka bukaci littattafai, aka kafa ofishin fassara da talifi a Zariya a hannun Dokta East, aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, har abin ya kai ga littattafan Yaƙi da Jahilci. Amma ta wani gefen ya jawo jinkiri, gama duk wata jarrabawa mai kai mutum sama da Turanci a ke yinta, yaron Arewa kuwa ya kan fara Turanci bayan takwaransa na Kudu ya daɗe yana yi. Ka tuna an buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko tun 1859, alhali kuwa Kwalejin Katsina, wadda ita ce ta farko a Arewa mai kama da haka, sai a 1921 ta fara ɗaukar yara. Tsakaninsu shekara 62 ke nan.

Kwalejin Katsina fa ba ta yi wasa da Turanci ba. An san ta da horar da yara wajen fitar da ko wane harafi daidai, shi ya sa waɗanda suka fita daga cikinta, irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansu, su ke magana har Turawa su yi mamaki. Sai dai 'yan kaɗan ta ke ɗauka ko wace shekara daga dukan lardunan Arewa, kuma malaman makaranta aka nufe ta da yi, ba masu zuwa jami'a ba. Aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta ke har yanzu, da sunan Barewa tun 1971. Ba abin mamaki ba ne da ya zama likitan Arewa na farko, Dokta Barau Dikko, ta makarantar mishan ɗin nan ta Likita Mila ya biyo, haka kuma Dokta Ishaya Audu, wanda za mu sake ambatonsa a gaba. A can tun yaro yana ƙarami ya ke jin Turanci.

A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun da ɗalibai 104, tana ƙarƙashin Jami'ar London, digirin London kuma ta ke bayarwa. Mai son shiga sai ya nuna takardar gama sakandare, wadda a lokacin daga Kambirij ta Ingila a ke aiko da tambayoyinta, a kuma mai da takardun amsa can a duba. Wannan takarda tana da wata ƙa'ida mai tsanani: wanda ya faɗi Turanci ya faɗi duka, ko da kuwa ya cinye lissafi da kimiyya da tarihi. Sai ya sake zama daga farko. A 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda a ke kira WAEC, ta karɓi aikin a hankali, amma Turanci bai sauka daga kujerarsa ba. Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai aka yi wa haka. Su kansu Turawan Ingila, manyan jami'o'insu biyu, Okasfod da Kambirij, ba su karɓar ɗalibi sai ya ci jarrabawar Latin, harshen da ba wanda ke ciniki da shi a kasuwa, kuma sai wajen 1960 suka fara sassauta wannan. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa da Faransanci su ke shan tasu.

Cikin wannan shekara ta 1952 aka buɗe wata babbar kwaleji a Samaru, ta fasaha da kimiyya da sana'o'i, mai rassa a Badun da Inugu. Ana koyar da aikin injiniya, da zanen gine-gine, da zane-zane, ana kuma shirya ɗalibai don babbar jarrabawar da ke kai mutum jami'a. Ga ta dai a ƙasar Zazzau, amma masu takardar shigarta galibi daga Kudu su ke zuwa. Da mulkin kai ya matso, Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a 1959 ƙarƙashin Sir Eric Ashby, da Shettima Kashim cikin wakilansa, don ya duba bukatar ƙasa wajen ilmi mai zurfi. Ya miƙa rahotonsa a 1960, ya kuma ba da shawara a kafa jami'a a Arewa. Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa kwalejin Samaru, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da wurin binciken aikin gona na Samaru, da na dabbobi na Shika, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka mai da su jami'a guda. Aka buɗe ta ran 4 ga watan Oktoba 1962, Sardauna ne uban jami'a, Dokta Norman Alexander kuwa shi ne shugabanta na farko.

Ɗaliban da aka fara da su 426 ne. Daga cikinsu 147 kaɗai ne 'yan Arewa. A nan ya kamata mu tsaya mu duba. Jihar da ta fi sauran yawan jama'a, ta gina jami'a da kuɗinta, a ƙasarta, amma 'ya'yanta ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba sai da kaɗan. Ba wanda ya hana su da gangan. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya gama sakandare, ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci babbar jarrabawa, makarantun da ke da aji shida kuwa a Arewa ana iya ƙirga su da yatsu. Kuma a ranar da a ke bikin buɗewa, cikin birni akwai malamai waɗanda suka haddace Alfiyya, baiti dubu na nahawu, su ke warware rabon gado mai wuya da ka, waɗanda a ko wace ƙasa za a kira su masana. A ma'aunin sabuwar jami'a ba su da ko takardar Elementare. A ganinmu wannan ita ce hasara mafi girma ta wancan lokaci, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne. An gina gidaje biyu na ilmi kusa da juna, ba a fasa ƙofa tsakaninsu ba. Makarantar Larabci ta Kano, wadda aka kafa a 1934 don koyar da alƙalai, ita ce 'yar hanyar da ta ɗan haɗa su, sai kuma hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci da aka fara a zamanin Sardauna, wadda ta daɗe a hannun Jami'ar Ahmadu Bello, a ke kiranta NBAIS yanzu.

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, Dokta Ishaya Audu ya zama shugaban Jami'a, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya kuma riƙe shi har 1975. A zamaninsa aka yi dabarar da ta sauya al'amarin. Jami'a ta ga in ta zauna jiran makarantun sakandare su kawo mata ɗalibai shiryayyu, za ta daɗe tana jira, don haka ta buɗe Makarantar Share Fage a cikin gidanta. Yaron da ya gama aji biyar na sakandare da sakamako mai kyau sai a ɗauke shi, malaman Jami'a su karantar da shi abin da zai samu a aji shida, a gyara masa Turancinsa, in ya ci jarrabawa ya wuce kai tsaye zuwa karatun digiri. Waɗansu sun ƙi abin da farko, suna cewa zai zubar da darajar digiri. Bai zubar ba. Cikin 'yan shekaru ɗalibai suka ƙaru ƙwarai, kuma da yawa daga likitoci da alƙalai da manyan ma'aikatan jihohin Arewa ta nan suka biyo. In ka duba da kyau, hikimar malamin zaure ce aka komo gare ta: a shigo da ɗalibi, a ajiye shi inda ya dace, abin da ya rasa a ba shi a ciki. Da jihohi suka buɗe nasu makarantun share fage, sai a 1976 aka kafa jarrabawa guda ta haɗa su a hannun Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce IJMB. Harafin farko na sunanta yana nufin ta wucin gadi ce, amma ga ta nan har yau ana yi.

A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Jami'ar daga hannun jihohin Arewa. Cikin shekarun nan aka ƙara sababbin jami'o'i bakwai a kan shida da a ke da su, har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Ko wace jami'a tana yin tata jarrabawa, sai ya zama yaro ɗaya mai ƙoƙari ya sami gurbi a wuri uku, ya tafi ɗaya, biyu su zauna ba kowa, wani kuwa yana gida bai sami ko ɗaya ba. Don maganin haka Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB a 1978, a yi jarrabawa guda a ƙasa duka. Mutanen Arewa da yawa suka yi ƙorafi, suna tsoron kada tseren ya zama tsakanin mai doki da mai ƙafa. Daga baya aka tsara rabon gurabe a jami'o'in Tarayya: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina su ke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko.

Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400. Uku mutum ke zaɓa bisa ga abin da ya ke so ya karanta, na huɗun kuwa Turanci ne, ba zaɓi, kuma shi ya fi sauran yawan tambayoyi. Da can da fensir a ke cike amsa a takarda, amma tun 2015 kowa a gaban kwamfuta ya ke zama, sabo da haka yaron da bai taɓa taɓa ta ba ya sami wata sabuwar wahala a kan ta da. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ɗansa zai zauna jarrabawar nan ya nema masa inda zai saba da na'urar tun da wuri. A 2024 waɗanda suka yi rajista sun kusa miliyan 2. Ban da wannan, tun 2005 jami'o'i suka fara yi wa waɗanda suka ci JAMB tasu tantancewa. Sai kuma takardar gama sakandare, ta WAEC, ko ta NECO wadda aka fara jarrabawarta a 2000, ko ta NBAIS. Ana bukatar kiredit a darasi biyar, a zama ɗaya ko biyu, kuma lalle Turanci ya kasance cikinsu. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya shiga, har wa yau a shekararsa ta farko zai tarad da darasin Turanci na dole yana jiransa.

Ko wanda zai karanta Hausa a Jami'a, ko Larabci, bai kuɓuta daga wannan ba. A Samaru akwai sashen harsunan Afirka inda a ke karantar da Hausa har zuwa digirin dokta, ana kuma rubuta kundi da Hausa, amma mai son shiga can sai ya ci Turanci tukuna. Masu wannan ƙa'ida suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Nijeriya tana da harsuna ɗaruruwa, ɗalibin Zariya zai zauna aji ɗaya da na Kalaba da na Ogbomosho, littattafan likitanci da injiniya kuma da Turanci su ke. Wanda aka shigar ba ya jin abin da malami ke faɗi, an cuce shi ne, ba a taimake shi ba. Mun yarda da wannan. Inda mu ke da magana shi ne a mai da rashin kiredit ɗaya dalilin da yaro mai kaifin lissafi zai zauna gida shekara biyu ko uku yana maimaita jarrabawa, iyayensa suna biyan kuɗin rajista ko wace shekara, har ya gaji ya bari, alhali kuwa Jami'ar nan da kanta ta gwada tun zamanin Ishaya Audu cewa ana iya gyara Turancin mutum bayan ya shigo. Gwamnati ma ba ta tsaya a magana ɗaya ba game da harshen da za a fara da shi. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a karantar da yara da harshen gida a farkon firamare. A 2022 aka ce a yi haka har shekara shida. A 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an janye wannan, a koma Turanci tun daga ajin farko.

Makarantar share fage ta Jami'ar tana Funtuwa yanzu, tana karɓar waɗanda sakamakonsu bai cika ba daga jihohin Arewa. Cikin birni kuwa zauruka ba su mutu ba. Akwai samari da yawa a Kona da Juma da sauran unguwanni waɗanda su kan ɗauki karatu wurin malam bayan sallar asuba, hantsi ya yi su fita ta Ƙofar Doka su shiga motar Samaru ko ta Kongo. Waɗansunsu sun bi ta makarantun Islamiyya masu haɗa Larabci da Turanci da lissafi, suka fito da takardar NBAIS, suna karanta shari'a a Kongo, inda a ke koyar da dokar ƙasa tare da fiƙihun Malikiyya, wanda kakanninsu suka karanta cikin Risala da Muhtasar.